Mai Rewaya da Wayar Ƙasar Ƙanƙara

Ya 'yan uwa, a kan girman kai zan yi magana yau. Ba irin na mai babbar riga da ke wucewa bai yi sallama ba, wannan kowa ya san shi, yara ma suna nuna shi da baki. Akwai wanda ya fi shi ɓarna. Shi ne na mai sana'ar da za a tambaye shi abin da bai sani ba, harshensa ya yi nauyi, ya kasa cewa bai sani ba. Gara ya ƙaga ƙarya nan take, ya kuma ɗauki ƙaryar ya yi aiki da ita a kan dukiyar mutane. Na gaji da ganin wannan hali a garin nan. Wallahi na gaji.

An yi wani mutum a nan Birnin Kebbi, a shekarun farko da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Ba zan kama sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma ba su suka yi laifin ba. Sana'arsa rewaya, wato gyaran wayoyin mota da duk inda wuta ke bi a jikinta.

Lokacin kasuwar masu wannan sana'a ta buɗe. Ma'aikata sun taso daga Sakkwato da iyalansu, gidajen unguwar Gesse suna cika, motocin Kwatano suna ta shigowa, iri-iri, waɗanda ba mu taɓa gani ba. Duk wanda ya iya riƙe filaya ya sami abinci.

Mutumin nan a Gwadangaji ya koyi aiki, a hannun wani dattijo, Malam Tamba. Bai tsaya an yaye shi ba. Bai jira an tara mutane an yi masa addu'a an sa masa albarka kamar yadda ake yi wa kowane mai koyo ba. Wata rana kawai ya ga ya fi ƙarfin a aike shi, ya kwashe 'yan kayansa, ya kafa rumfa a Badariya.

Zan faɗi gaskiyarsa, don ba zaluntarsa na zo yi ba. Allah ya ba shi kunne. Wajen kik babu kamarsa. Kik, ga wanda bai taɓa leƙa cikin bonet ba, shi ne ɗan ƙaramin injin nan da ke murza babban inji in an murɗa makulli. Mota za ta ƙi tashi, a turo masa ita, ya ce a murɗa. In ya ji ta yi ƙas sau ɗaya ta yi shiru, ya san inda zai taɓa. In ta yi nishi kamar tsohon sa, sai ya ce a bar kik ya huta, kan batir ne ya yi tsatsa. In kuwa ta yi ta juyawa a banza ba ta kama inji ba, ya san haƙoran ne suka cinye. Bai cika kuskure a nan ba.

To da ya tsaya inda Allah ya tsayar da shi, da wa zai ji labarinsa a bakina?

Amma motocin Kwatano suna zuwa da wayoyin da Malam Tamba bai koya masa ba, shi kuma bai zauna ya koya ba. Sai ya samo dabara. Duk wayar da ya bi ya rasa inda ta dosa, sai ya datse ta, ya naɗe bakin da baƙin tef, ya cusa ta ciki. In mai mota ya ce wannan fa, ta mece ce? Sai ya ce ta ƙasar ƙanƙara ce, Turawa sun sa ta don sanyinsu, nan ba ta da aiki.

Ku ji fa! Kowace waya ta ƙasar ƙanƙara ce. Ja, ta ƙanƙara. Shuɗiya, ta ƙanƙara. Sai ka ce masu ƙera mota ba su da wata damuwa a duniya sai ƙanƙara.

Mai mota ya tafi, bayan 'yan kwanaki ya dawo, fanka ta daina juyawa, ko allurar mai ta kwanta, ko ya taka birki oda ta yi kuka. Mutumin nan ya girgiza kai, ya ce ai batirinka ne, Alhaji, batiran yanzu ba su da kirki. Haka ya yi ta yi. Kuma abin haushi, mutane suka yi ta komawa, don mai faɗin magana da ƙarfi ya fi shiga kunnenmu a kan mai cewa bari in bincika. Laifinmu ne wannan, mu ma mu ɗauki namu.

Yana da kawu a Argungu, wan mahaifiyarsa, ana ce masa Hodi. Shi ya riƙe shi tun yana ƙarami da ubansa ya rasu. Shi ya ciyar da shi, shi ya kai shi wurin Malam Tamba da hannunsa. Kawu Hodi manomin albasa ne da shinkafa a fadama. Shekara da shekaru yana tara abin da gona ta bari, shi da ƙannensa, har suka sayi tsohuwar akori-kura. Motar nan ita ce ƙafar gidan. Ita ke kwaso amfanin gona daga bakin gulbi, ita ke kai shi kasuwa, ita ke ɗaukar na maƙwabta a sami na cefane. Gida mai mutane da yawa, a kanta yake tsaye.

Ana gab da cirar albasa, kik ɗin motar ya mutu. Kawu Hodi ya sa aka tura masa ita ta tashi, bai kashe ta ba sai a gaban rumfar ɗansa a Badariya.

Bayan sun gaisa ya ce, "Ɗana, ga ta nan. Na gaji da roƙon turi. Kullum da sahe sai na tara ƙattan unguwa, har sun fara ɓoyewa in sunka ji tarina."

Mutumin nan ya yi dariya, ya ce, "Kawu, ai da ka aiko tun tuni."

"Kik ɗai nika so ka gyara. Kak ka taɓa mata komi bayan shi. Ka san ita ka ciyad da mu."

"Ka kwantad da hankalinka, kawu."

"Birkin hannu ma ya mutu tun bara, sai cikin giya nika barin ta."

"Wanga aikin makanikai na. Ni wuta nika yi."

Kawu ya hau motar haya ya koma Argungu, ya bar masa amana.

Aikin kik ɗin, ya yi shi yadda ya kamata. Ya kwance shi, ya buɗe, ya tarar buroshin ciki sun cinye sun zama kamar ƙwayar gero. Ya sa sababbi. Ya wanke cikin da fetur, ya goge jan ƙarfen har ya yi ƙyalli, ya canja babbar wayar da ta taso daga batir don tsohuwar ta ruɓe ta ciki. Ya ɗaura, ya murɗa makulli. Kafin ya saki, mota ta amsa. Tun da aka sayo ta ba ta taɓa tashi da irin wannan ƙarfi ba.

Aiki ya ƙare ke nan. Me ya rage? Ya wanke hannu, ya kai wa kawunsa motarsa, ya sha albarka. Shi ke nan fa!

Ina! Akwai wani ɗan baƙin akwati da ke ajiye a ƙarƙashin bencinsa, ya hana shi sakat. Daga motar wani babban ma'aikaci na Gesse ya ciro shi, irin motar nan mai canja giya da kanta. Mai ita ya ce a cire masa, yana shanye masa batir. Akwatin yana da ɗan rimot kamar kwalin ashana. Kana tsaye nesa ka latsa, mota ta tashi ba kowa a ciki. A lokacin nan, a ƙasar nan, wanda ya taɓa ganin haka bai fi a ƙirga ba.

Mutumin nan ya zauna yana kallon akwati, yana kallon akori-kura. Zuciyarsa ta tafi Argungu. Can har gobe marayan Hodi suke ce masa. Can ne ya yi dakon buhu, can aka san shi da tsagaggen wando. Duk sunan da ya yi a Birni bai haye gulbi ba. Ya ga kansa tsaye a bainar jama'a, ya latsa abu, mota ta yi ruri ita kaɗai, tsofaffi suna salati. Ya ji daɗin abin tun bai faru ba.

Wa ya aike shi? Wa ya roƙe shi? Mai mota da bakinsa ya ce kada ka taɓa komai. Amma Shaiɗan ba ya zuwa wa mai sana'a da kwalbar giya, da yabo yake zuwa masa.

Ya shiga ɗaura akwati a bayan dashbod, inda ido ba ya kai wa. Wayar wuta ya gane ta. Ta makulli ya gane ta. Ta kik, wannan ko idonsa a rufe. Sai waya ɗaya, ruwan toka, siririya, ta rage tana reto. Ya latsa rimot, shiru. Ya sake, shiru. Da datsewa ce ke magani da ya datse, amma wannan a datse take, kuma akwati ya ƙi motsi sai an ba ta wurinta.

Yana cikin wannan gumi sai ga Malam Tamba a kan kekensa, ya dawo daga wata gaisuwa, ya ce bari ya leƙa tsohon yaronsa. Dattijon bai riƙe shi a zuci ba, duk da irin tafiyar da ya yi. Ya jingine keke, ya sunkuya ya leƙa.

"Mi na na wanga kuma?"

"Rimot na, Malam. Kana can nesa ka latsa, mota ta tashi da kanta."

"Ikon Allah. Mun ga zamani. To wagga ruwan toka da ka reto, ina ta nuhwa?"

"Ta ƙasar ƙanƙara ta."

Malam Tamba ya ɗago ya dube shi. Ya ce, "Ni za ka gaya ma haka? Ni da nik koya maka riƙon hilaya?"

Mutumin nan ya ji zafi. Ya ce, "To Malam, kai ka san ta?"

"Ban san ta ba. Ban taɓa ganin irin akwatin ga ba. Amma wanda yaƙ ƙera shi bai sa waya don ado ba. Akwai wani Bayarabe a Sakkwato shina aikin irinsu. Shiga mota ka tambayo shi, ba ka raguwa da komi. Motar wa ta ma?"

"Ta kawu."

"Ta Hodi? Shi yac ce ka sa mishi?"

Mutumin nan ya kau da kai, ya kama goge sifana da ba ta yi datti ba. Malam Tamba ya ja kekensa. Yana tafiya yana cewa, "Ka ji tsoron Allah da motar bawan Allah ga."

Kun san abin da mutumin nan ya ɗauka daga duk wannan magana? Ba nasihar ba. Abu ɗaya ya shiga kunnensa: tsoho ya ce bai sani ba. Ya ji wani sanyi a ransa. Ashe ya wuce maigidansa! Yanzu kuma shi, da sunansa da rumfarsa, ya hau mota har Sakkwato ya durƙusa gaban wani ya ce koya mini? A ji a Badariya? Ya ce a ransa ko kusa.

Sai ya koma lalube. Ya ɗauki bakin wayar yana dangwala ta nan, yana dangwala ta can, kamar makaho da sanda. Da ya dangwala ta a jikin ƙarfen mota, akwati ya yi ƙyas. Ya latsa rimot. Kik ya murza, inji ya kama. Ya daka tsalle shi kaɗai a rumfa. Ya samo ƙusa mai zare ya ɗaure wayar a jikin ƙarfe tamau, ya rufe.

Bari in gaya muku aikin wayar nan, don daga baya an tambayo, kuma amsar ba ta fi a faɗe ta a tsaye ba. Mai gadi ce. Aikinta ta gaya wa akwati ko mota tana cikin giya ko ba ta ciki. In tana cikin giya, akwati ba zai yarda ya tayar da ita ba, ko ka latsa har yatsanka ya kumbura. Da mutumin nan ya ɗaure ta a jikin ƙarfe, sai ta koma kullum amsarta ɗaya: ba ta cikin giya, tashi abinka. Ya koya wa waya ƙarya, kamar yadda ya koya wa bakinsa.

Ya gwada ya sake gwadawa, lafiya lau. Yaya ba za ta yi lafiya ba? Kowace mota a gareji firi ake barin ta, ba cikin giya ba, don a ji daɗin turawa. Shi kuwa a gidan Hodi ya tashi. Ya san yadda kawunsa ke ajiye mota. Da kunnensa ya ji an ce masa birkin hannu ya mutu, sai cikin giya. Amma mai jiran tafi ba ya jin komai sai tafin.

Ya tuƙa motar da kansa zuwa Argungu, rimot a aljihu, bai gaya wa kowa ba. Ya san in ya faɗa a gida, kawu zai ce a cire. Ya ce bari sai a gaban jama'a, in ana ta mamaki, tsoho ba zai iya faɗa ba.

Kawu Hodi ya fito, ya shiga, ya murɗa makulli. Mota ta tashi tun bai gama bisimilla ba. Ya kashe, ya sake. Ya yi ta dariya kamar yaro. Ya kira matan gida su zo su ji. Ya dafa kan mutumin nan, ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Yau ƙattan unguwa sun huta." Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, suka ci a kwano ɗaya.

Ya 'yan uwa, ga ƙofa Allah ya buɗe masa. Ga albarka ya samu, wadda ta fi tafin duk mutanen Argungu. Abin da ya rage, ya buɗe baki kawai ya ce kawu, na ƙara wani abu, ban gama gane shi ba, bari in cire. Hannunsa yana cikin kwano, rimot yana dukan cinyarsa. Ya haɗiye tuwo, ya haɗiye maganar.

Da safe suka gangara bakin gulbi. Albasa ta fito, jirage suna ta hayo da ita daga fadamar ƙetare. Kawu Hodi ya juya motar, ya gangara da baya har gindinta ya kusa taɓa ruwa, don masu dako su sauke daga jirgi su ɗora kai tsaye. Nan ya kashe ta, ya bar ta a ribas ɗin da ya zo da ita, kamar yadda ya saba. Bakin gulbi ba dutse, sai aka tura busasshen hoge a bayan taya. Ya zare makulli ya jefa aljihu.

Aka yi ta lodi. Albasar gidan Hodi ta shekara, da ta maƙwabta da suka ba shi ya kai musu kasuwa. Aka tula buhu a kan buhu har motar ta zauna. A bayanta jirgin wani mai fito ne, Atiku, yana ɗaure, shi kuma yana ciki yana kwarfe ruwa.

Mutumin nan yana gefe, cikin wankakkiyar shadda, hannu a aljihu. Wuri ya cika: masu dako, masu jirage, dillalai, mata masu fura. Sai wani tsohon abokin wasansa ya hango shi, ya ɗaga murya.

"A'a! Marayan Hodi! An ce ka zama injiniya a Birni. Ko dai har yanzu batir kaka ɗauka ma mutane?"

Aka yi dariya. Dariyar wasa ce, ba ta ƙeta ba. Amma shi ta ishe shi.

Ya ce, "Kawu, ina makulli?"

"Ga shi aljihuna."

"Hiddo shi. Ɗaga shi sama kowa shi gani."

Tsoho ya ɗauka ɗansa yana so a yaba sabon kik ne. Ya fito da makulli ya ɗaga, yana murmushi.

"Jama'a, kun ga makulli hannun mai shi? Kun ga ba kowa cikin mota? To ku duba."

Bai leƙa ya ga inda sandar giya take ba. Taku kaɗan ne tsakaninsa da tagar motar. Bai leƙa ba. Ya zaro rimot, ya ɗaga, ya latsa.

Kik ɗin nan da ya gyara da kyau, shi ya fara aiki. Da tsohon ne, da nishi zai yi ya mutu. Sabon ya fizgi mota da lodinta ta yi baya, ta murƙushe hoge ya zama gari. Inji ya kama. Ga gangara, ga nauyi, ga ribas, ga ba kowa a kan sitiyari.

Mata suka sa ihu. Atiku ya ɗago ya ga gindin mota a kansa, ya faɗa ruwa. Kawu Hodi yana tsaye da makulli a sama, ya kasa sauke hannu.

Mutumin nan ya daddanna rimot, bai san wanne ke kashewa ba, don bai taɓa tambaya ba. Abin ya suɓuce ya faɗa laka. Maimakon ya nufi ƙofa ya zare giya, sai ya ruga baya, ya sa hannu biyu wai zai tare. Mota cike da albasa! Da hannu! Ta tura shi kamar kara, ta haɗa hannunsa na dama da bakin jirgi, ta matse. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar katako da ƙararsa tare suka fito. Allah ya sa jirgin ya dare, shi kuma ya faɗa gefe, masu dako suka jawo shi. Da ba haka ba, da gawa za a ɗauko.

Motar ta bi ta kan jirgi ta shige. Wurin yana da gaɓa mai zurfi. Gindinta ya nutse, hancinta ya ɗaga, inji ya sha ruwa ya yi tari ya mutu, sannan ta zauna a hankali har ruwa ya rufe gilashi. Buhuna suka kwance. Albasa ta taso ta rufe fuskar gulbi, ja wur, tana bin ruwa tana tafiya. Masu jirage suka bi suna kamfata da ƙwarya. Me za a kamfata? Albasar da ta sha ruwa, kwana nawa take yi?

Sai da aka nemo tarakta aka jawo motar. Makanikai suka buɗe inji suka rufe, suka ce sai dai a sayar da ƙarfe. Da suka leƙa bayan dashbod suka ga akwati, suka ga waya ruwan toka ɗaure da ƙusa. Kafin la'asar, babu wanda bai ji ba daga Argungu har Birni.

Kawu Hodi bai kai ƙara ba. Bai zagi ɗan nasa ba, bai yi masa baki ba. Ya sayar da fadamarsa mafi kyau, ya biya maƙwabta albasarsu, ya yi wa Atiku sabon jirgi. Sannan ya je asibiti sau ɗaya. Ya tarar da ɗan nasa kwance, hannu naɗe. Ya zauna a bakin gado, ya yi masa sannu. 

Sannan tsoho ya ce, "Abu guda nika son ji. Ka san cikin giya nika barin ta?"

Mutumin nan ya juya fuska bango. Ya ce, "Na sani, kawu."

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya tashi, ya gyara hularsa, ya ce, "Allah shi ba ka lahiya." Ya fita.

To, ya 'yan uwa, kada wani ya zauna nan yana cewa ai ni ba rewaya nake yi ba. Da kai nake. Kai mai kemis da ake kawo maka yaro da ciwon da ba ka gane ba, ka zari allura don kada a ce ba ka iya ba. Kai magini da ake nuna maka zanen bene ka ce ka sha yin irinsa, alhali ko soro ba ka taɓa haɗawa daidai ba. Kai ma mai rawani, da ake tambayarka hukuncin gado ko na saki, ka amsa da ka, don almajiranka suna zaune kada su raina ka. Duk sana'arku ɗaya da mutumin nan.

Wai me ke cikin cewa ban sani ba? Haƙori yake cirewa? Manyan malaman da muka tarar, waɗanda ake tasowa daga nesa don a yi karatu a zaurukansu, mun ji su da kunnenmu suna cewa a dakata sai sun duba. Girmansu bai ragu ba. Kai wane ne? Abin da aka ba ka amana ba wurin gwaji ba ne. In ka san abu, yi shi da kyau, Allah ya sa albarka. In ba ka sani ba, cire hannunka, ka nuna wa mai abu ƙofar wanda ya sani. In an ce maka iya nan, tsaya iya nan. Sau nawa za a faɗa?

Ga abin da mutumin nan ya kwashe. Yatsu uku na hannun dama, likita ya cire su. Biyun da suka rage ba sa riƙe filaya. Rumfarsa ta Badariya, babu wanda ya sake turo mota gabanta, har mai fili ya ba mai faci. Kunnen nan nasa yana nan, mota za ta wuce ya ji ciwonta, amma ba mai tambayarsa. Garin da ya so ya burge, bai sake iya shiga kasuwarsa da rana ba. Gidan da ya rene shi ya koma ɗaukar albasa a kan jaki, ƙannen Hodi ba sa amsa sallamarsa. Shi kuwa tsohon yana amsawa, ya tambayi iyali, ya wuce. Har ya koma ga Allah bai sake ce masa ɗana ba.

Allah ka tsare mu da harshen da ya fi saninmu tsawo. Ka ba mu ikon tsayawa inda iliminmu ya tsaya, kada ka sa amanar wani ta lalace a hannunmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.